Gargaɗi ga masu motocin daji a Sakkwato kan mai tallar ƙarfen ɗaure safayar taya a cikin but

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwa masu Prado da Land Cruiser da makamantansu, musamman waɗanda sana'a ke kai su ƙauyukan Gwadabawa da Tangaza da Illela, saboda akwai wani mutum da ke tallar ƙarfen ɗaure safayar taya a cikin but ta Facebook, ya kuma cuce ni ta hanyar da ta kusa wuce asarar kuɗi.

Dalilin da ya sa na nemi irin wannan ƙarfe sananne ne ga duk mai bin hanyar da ba kwalta. Safayar motata a jikin ƙofar baya take, kuma nauyinta tare da jijjigar hanya ya sa ƙofar ta fara saki, har sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Waɗanda tasu ke ƙarƙashin mota su ma suna da nasu kukan, domin yashi da ƙura kan cushe abin da ke sauke ta, sai ranar da taya ta fashe a daji mutum ya tarar ya ƙi motsi. Saboda haka da na ga hotunan wani ƙarfe baƙi mai sheƙi riƙe da taya a tsaye a gefen but, ban yi dogon nazari ba. Mutumin ya mayar da maganar WhatsApp, ya ce kayan daga Dubai ya shigo da su, suna hawa kowace irin babbar mota, zai kuma haɗa mini da sabuwar taya a farashi mai sauƙi idan na tura rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Asusun da ya ba ni ba sunansa ne a kai ba, ya ce na ƙaninsa ne, ni kuma na tura.

Tun daga cewar da ya yi suna hawa kowace mota ya kamata in farga, domin wilin Prado da na Hilux noti 6 ne, na Land Cruiser samfurin 100 da 200 kuwa 5 ne, kuma wanda ya san kayan da yake sayarwa zai fara tambayar irin motarka kafin ya tambayi kuɗinka.

Kayan sun iso tashar mota, wani yaro da ya ce shi aka turo ya ɗaura su cikin abin da bai kai rabin awa ba, ya mayar da shimfiɗar but ɗin a kai, na cika sauran kuɗin. Bayan kwanaki kaɗan, a kan hanyarmu ta dawowa daga kasuwar Illela, amalanken shanu ya ratso mana titi, na taka birki da ƙarfi, motar kuma ta faɗa wani rami a gefen hanya. Sai ƙarfen ya tumɓuke gaba ɗaya tare da tayar, suka daki bayan kujerar da ɗan yayana ke zaune har ta lanƙwashe. Allah ya tsare, yaron ya tsira da targaɗe a kafaɗa.

Washegari na kai motar wurin wani tsohon mai walda da muka daɗe muna hulɗa. Da ya kankare fentin, ya ce mini, Alhaji, zo ka gani da idonka. Bututun siriri ne irin wanda ake yin gadon ƙarfe da shi, waldar ɗige-ɗige ce kawai aka yi a mahaɗai, aka cike giɓin da hodar gyaran jikin mota aka fesa baƙin fenti. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda aka kafa shi: kusoshi huɗu masu zare, irin na rufin kwano, aka murɗa a cikin farantin ƙasan but, wanda siririn ƙarfe ne da ba a yi shi domin ɗaukar irin wannan nauyi ba. Jijjigar hanya ta riga ta buɗa ramukan tun kafin ranar, ramin da na faɗa ƙarasa aikin kawai ya yi. Da muka leƙa ƙarƙashin motar kuma, muka tarar tsinin ɗaya daga cikin kusoshin bai fi faɗin yatsa tsakaninsa da tankin mai ba, alamar yaron da ya ɗaura ƙarfen ya huda ne ba tare da ya duba abin da ke ƙasa ba, alhali nan ne tanki da wayoyin wuta da bututun birki ke bi.

Tayar irin wannan mota tare da wilinta tana kai kilo 30 ko fiye. Abin da ke tafiya da gudun kilomita 50 a awa, in ya ci karo, daidai yake da abin da ya faɗo daga tsawon mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku, kuma tayar da ke cikin but ba inda za ta nufa sai bayan mutanen da ke zaune. Shi ya sa ƙarfen kirki ake ɗaure shi a wuraren da masana'anta ta ƙarfafa tun asali, kamar mazaunin kujerun layi na uku, ko kuma a huda a zura noti mai kauri ya fita ƙasa, a tare shi da faffaɗan faranti domin kada ya yage ƙarfen. Notin da ya dace yana da lamba a kansa, 8.8 ko 10.9, kuma nawa babu ko ɗaya da ke da ita.

Ita kuwa tayar da aka ce sabuwa ce, mai faci ya nuna mini cewa an goge lambobi huɗun ƙarshe da ke bin rubutun DOT a gefenta, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. An sake sassaƙa zanenta da wuƙa mai zafi aka shafe ta da mai. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, irin wannan taya ba ta da tabbas ko daga nan zuwa Kware.

Na kira mutumin ya ce laifin tuƙina ne, daga nan ya toshe lambata. Da na ba da labarin a majalisarmu ta Mabera, sai na ji akwai waɗanda suka tura kafin alƙalami ba su ga ko noti ba. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya hanzarta zuwa bankinsa da shaidar turawar da hotunan hirarsu, ya kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Sakkwato, kamar yadda na yi. Wanda aka riga aka ɗaura wa kuma ya ɗage shimfiɗar but ɗinsa yau, ya sa bakanike ya leƙa ƙasa kafin ya sake ɗaukar iyali.

A makon jiya na sake ganin hotunan nan, na baƙin ƙarfen a cikin but, a wani sabon shafi mai wani suna da wata lambar waya, wannan karon ana cewa kayan daga Jamus suka zo.