Gargaɗi kan mai sayar da "man hatimin ƙarshen zamani"

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku. Da ɓacin rai nake rubuta wannan, domin abin ya shigo har cikin gidanmu.

Akwai wani mutum mai kiran kansa annabi da ke zagaya ƙauyukanmu. Yakan kafa rumfa ta kwana uku, da janareta da lasifika, wa'azinsa kuwa ɗaya ne: ƙarshen duniya ya zo, duk wanda ba a shafa masa mansa a goshi ba, alamar dabbar nan ta 666, wadda littafin Ru'ya ta Yohanna ya ambata, za ta hau kansa. 'Yar ƙaramar kwalba naira 15,000. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo akuya ko hatsi, wai shuka iri ne, wato baikon da Allah zai sāka masa a kai.

Gwaggona gwauruwa ce, 'yar zumuntar mata tun muna yara, kuma tana fama da ciwon suga. Ta sayar da masarar da ta ajiye don damina ta sayi kwalba uku. Abin da ya fi ƙona mini rai, ce mata ya yi shan magani rashin bangaskiya ne, ta kuwa watsar da ƙwayoyinta. Ba a yi mako biyu ba muka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Da na dawo na buɗe kwalbar na sunsuna, wallahi man gyaɗa ne zalla, har ƙanshin ƙuli-ƙuli yake yi. Lambar wayarsa kuma a kashe take har yau.

Ai Yesu bai bar mu cikin duhu ba. A Matiyu 24 ya ce annabawan ƙarya da yawa za su taso su ɓad da mutane, a sura ɗin nan kuma ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba. To, wa ya tsegunta wa wannan? Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Annabi Elisha ma bai karɓi ko anini a hannun Na'aman ba bayan Na'aman ya warke daga kuturta ta wurinsa.

Kada ku ce ƙaramin abu ne. A Kenya a 2023, an tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola, mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Akwai yara a cikinsu.

Idan ya sauka a garinku, ku tambaye shi ikilisiyar da ta aiko shi, ku sanar da fasto da dattawa tun kafin ya kunna janareta. Don Allah ku leƙa tsofaffinku, ku tabbata suna shan maganinsu. Gwaggo ta dawo gida, amma kunya ta hana ta zuwa sujada mako uku ke nan. Ku sa ta a addu'a.