Sharhi: NLB na Windows a gaban sabobin imel masu kati biyu

Duk wanda ke da sabar imel fiye da ɗaya, yana kuma son ma'aikata su riƙa buga adireshi guda, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne NLB (Network Load Balancing), mai raba masu shigowa tsakanin sabobin da aka haɗa gungu guda, da ke zuwa a cikin Windows Server. Ba sayensa ake yi ba, kunna shi kawai za ka yi. Na daɗe ina aiki da shi a gaban sabobin Exchange 2010 (manhajar imel ta Microsoft) guda biyu masu karɓar masu shiga, kowace da katin netwok biyu. Hukuncina shi ne yana cika alƙawarinsa, sai dai alƙawarin nasa bai kai abin da imel ke buƙata ba.

Kafa gungun bai da wuya. Inda aiki yake shi ne katunan nan biyu. A tsarin yunikas, NLB yana cire adireshin MAC na katin, wato lambar da ake gane katin da ita a netwok, ya sa masa wani na gungu mai farawa da 02-BF, sabobin duka su zama da lamba ɗaya. Wannan ne ya sa aka saba ware kati na biyu domin sabobin su yi magana da juna da sauran injuna, na farkon kuma a bar wa masu shigowa. Suwic, na'urar da ake jona wayoyin netwok a jikinta, ba ya iya tantance a wace kafar jona waya lambar take, don haka duk abin da ya zo wa gungun sai ya watsa shi ga kowace kafa. Da gangan aka tsara hakan, ta haka ne kowace saba ke ganin kowane saƙo ta yanke ko nata ne. Amma maƙwabtan da ba ruwansu ma sai sun sha ambaliyar, shi ya sa na keɓe katunan gungun a VLAN, wato yankin netwok, nasu su kaɗai. Tsarin maltikas, mai 03-BF, yana bar wa kati lambarsa ta asali, sai dai rautoci (na'urorin da ke haɗa yankunan netwok) da yawa ba sa yarda su haɗa adireshin IP na yau da kullum da MAC na maltikas, dole a rubuta musu ARP, wato wannan haɗin, da hannu. In ba kai ke riƙe da rautar ba, ka shirya lallashin mai ita.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ƙofar fita (default gateway), hanyar da saƙo ke bi zuwa wani yanki. A kati ɗaya ake sa ta, galibi na biyun. To tun daga Windows Server 2008, saƙon da ya shigo ta wani kati ba a barin amsarsa ta fita ta ɗayan sai an ba da izini. Alamar a bayyane take: daga cikin yanki ɗaya komai lafiya lau, daga wani yankin kuwa shiru kake ji. Umarnin netsh guda, mai ɗauke da forwarding=enabled a kan katin gungun, shi ke warware ta. Ka kuma hana katin gungun yi wa kansa rajista a DNS, kundin da ke haɗa sunaye da adireshin IP. In sabobin na cikin Hyper-V, tsarin Windows mai gudanar da sabobi a cikin wata saba, kuma suna yunikas, ka ba su damar sauya MAC.

Dokar da NLB ke zuwa da ita tana kama tashoshi (ports) daga 0 har 65535. Na goge ta na bar waɗanda ake buƙata, irin su 25 da 443 da 587 da 993. Rabon kuwa da adireshin IP na mai shigowa ake yinsa idan ka zaɓi a manne kowa da saba ɗaya. Ofishin da mutum ɗari ke fitowa ta IP guda, dukkansu kan saba ɗaya za su sauka, ɗayar tana hutawa.

Inda na yaba masa: sabobin na aika wa juna saƙon "ina nan" kowace daƙiƙa, in aka rasa biyar a jere sauran su raba aikin wadda ta faɗi. Na cire waya don gwaji, cikin daƙiƙu kaɗan imel ya ci gaba. Umarnin drainstop ma abin so ne ranar sabunta manhaja, yana hana sababbin shigowa ya bar na ciki su gama.

Amma lafiyar injin kawai yake dubawa. Sashen jigilar imel ya tsaya, ko faifai ya cika Exchange ya fara ƙin karɓa, muddin katin na amsawa NLB zai ci gaba da tura masa rabonsa. Mai gadi ne da ya hango fitila a kunne ya ce mai gida lafiya yake. Rabin mutane na aiki, rabi na kiran waya, allon gungun kuma kore shar. A harkar imel wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin sashe ya fi yawan tsayawa fiye da injin ya mutu ɗungurungum.

Ga kuma iyaka. Gungu na ɗaukar sabobi 32, amma Microsoft ba ta ba da shawarar a wuce 8 ba a Exchange 2010. NLB ba ya kuma zama a sabar da ke cikin DAG, tsarin Exchange na ajiye kwafin akwatunan imel a sabobi da yawa, tunda DAG na dogara da wani tsarin gungu da ba sa haɗuwa. Da Exchange 2016 ya haɗe ayyukan a saba ɗaya, mai son DAG sai ya nemi wani mai rabon.

Ni HAProxy na koma, wata manhajar rabon aiki, saboda yana gaida sabar da HELO, kalmar buɗe zance ta sabobin imel, ya ji amsa kafin ya tura mata kowa. Shi ma da nasa: a tsarin da aka saba, Exchange adireshin HAProxy yake gani maimakon na mai aikowa, don haka dokokin izinin aikawa da aka gina a kan IP sai an sake su. Wasiƙun da ke zuwa daga waje kuwa, rikodin MX (masu nuna sabar da za a kai wa wasiƙa) biyu masu daraja ɗaya sun isa su raba su. Har yanzu ina barin NLB a gaban ƙananan sabobin da firinta da manhajojin cikin gida ke aika saƙo ta kansu, tare da wani ɗan shiri da ke gwada tashar 25 ya fitar da sabar daga gungu in ta ƙi amsawa.