Orka: a tafkin siminti ko a teku?

Makiyayin Daura ya san kukan saniya idan maraƙinta ya mutu. Orka, dabbar teku mai shayarwa, ita ma haka take. A 2018 wata uwa mai lamba J35 ta yi kwana 17 tana tura gawar ɗanta da kai a tekun Salish, tsakanin Amurka da Kanada.

Tafkin siminti, inda ake tsare orka don 'yan kallo, yana ba da abinci da likita kullum, amma bai cece su ba. Suna gwaguyar bango har haƙora su lalace, tsinin bayan maza ya lanƙwashe, an raba uwa da 'ya'ya. SeaWorld, kamfanin Amurka mai nuna dabbobin teku, ta daina hayayyafa su a 2016.

Kare su a teku ya fi wuya, amma shi ne daidai. Dangin J35 ba su kai 80 ba, kuma kifin salmon na Chinook suke ci. Madatsun ruwa sun tare hanyar kifin, shi ya sa aka rushe biyu a kogin Elwha da ke jihar Washington ta Amurka. Ƙarar jiragen ruwa na hana orka gano abinci da sauti. Gubar PCB kuwa, wani sinadarin masana'antu, tana taruwa a kitsensu, uwa ta shayar da ita ga jariri.