Gidan hayar da muka sauka a Findikzade, Istanbul, da dalilin da ya sa ban kama a Taksim ba

Jama'a masu tambayata a wace unguwa ya kamata a kama gida in za a je hutu Istanbul da iyali, ga amsata a taƙaice: ku nemi unguwar da jirgin tiram mai lamba T1 yake bi ta cikinta, kuma wacce ba kan tudu take ba. Mu a Findikzade muka sauka, cikin gundumar Fatih, ni da maigida da yara da kuma Hajiyarmu, kuma in Allah ya sake kai ni nan zan koma.

Gidan ta intanet muka kama shi, ɗaki biyu ne da falo da kicin da banɗaki ɗaya, a hawa na biyu. Kafin na biya sai da na zauna da taswira na duba unguwa unguwa, don hoton da masu gida suke sakawa duk iri ɗaya ne, farin gado, labule mai kyau, fulawa a kan tebur, babu mai nuna miki hanyar da za ki bi ki iso ƙofar gidan da akwati uku da buhun kayan da kika saro.

Taksim ce ta fara fito min, ita kowa ya sani, kuma gidajen can da na Galata da Cihangir suna da kyau babu ƙarya. Amma wajen tudu ne sosai, wasu layukan ma matakala ce zalla mota ba ta shiga, ga shi mashaya da gidajen rawa sun cika lungunan da ke bayan titin Istiklal, kiɗa har tsakar dare. Matashi shi kaɗai ko sababbin aure wataƙila su ji daɗi, amma mai tsohuwa da ciwon gwiwa da yara ƙanana wallahi wahala za ta sha. Mun je yawo wata rana da yamma, Hajiya tun kafin mu kai hasumiyar Galata ta nemi benci ta zauna ta ce mu je mu dawo mu same ta.

Sultanahmet kuma nan ne Ayasofya take, wadda aka mayar masallaci a 2020, da Masallacin Sultan Ahmet da fadar Topkapi, duk a ƙafa za ki je. Sai dai komai na wajen farashin baƙi ne, daga ruwan sha har shayi, kuma samun babban kanti na cefanen gida ba sauƙi. Wajen kwana biyu ne a otal, ba wajen da za ki ɗora tukunya ba. Laleli da Aksaray su ne cibiyar 'yan kasuwarmu, Laleli kamar Kantin Kwari take, shago kan shago, masu tura kaya a amalanke, ofisoshin kago masu aika kaya Najeriya, za ki ji Hausa ma a hanya. Na sayayya ne ƙwarai, amma ba na so yarana su kwana cikin wannan hayaniyar, kuma wasu lungunan Aksaray da dare ban natsu da su ba.

Toh Findikzade tana gaba kaɗan da Aksaray a kan layin T1 ɗin nan. In kika hau daga tasharmu, Haseki, Yusufpasa, Aksaray, ta huɗu Laleli, ta biyar Beyazit inda babbar kasuwar nan mai rufi take, ta bakwai Sultanahmet, in kika zarce ki sauka Eminonu bakin ruwa. Kin ga kasuwa da ziyara duk a layi ɗaya, babu tasi babu ciniki da direba. Kati ɗaya ne, Istanbulkart, ana saye a na'ura a tasha a riƙa zuba masa kuɗi, shi ne na tiram da metro da bas da jirgin ruwa. Daga Eminonu muka hau jirgin ruwa zuwa Uskudar ɓangaren Asiya, yara suna jefa wa tsuntsaye burodin simit suna cafewa a sama, wannan ya fi musu duk wani wajen wasa da muka biya kuɗi. Daga Eminonu ɗin dai akwai wani tiram, T5, da ya kai mu Eyup inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, Hajiya ta ce ko wannan kaɗai ta gani tafiyarta ta biya.

Unguwar kanta ta mazauna ce, Turkawa da Larabawa masu iyali, mata da hijabi ko'ina, babu mai kallonki don kin saka abaya ko kin yafa mayafi. A layinmu akwai gidan burodi, da mai kayan miya, da mahauci, ga ƙananan kantunan nan BIM da A101 da Sok kusan a kowace kwana, su ne masu sauƙin farashi. Ranar Juma'a kasuwa take ci a cikin unguwar, su rufe layuka da rumfa, tumatir da tattasai da inabi da zaitun da cuku har kayan sawa na yara da tawul, ki ga mai tumatir ya jera su kamar dala yana ta ƙwala kira, ba ya son ki zaɓa da hannunki, shi zai ɗebo miki. Ranar Laraba kuma babbar ta wajen Masallacin Fatih ce, ita ta fi girma. Masallatai kuwa ba a magana, kiran sallah daga ko'ina, maigida a ƙafa yake zuwa jam'i. Akwai manyan asibitoci ma kusa, na Haseki da na Capa, ga mai tafiya da tsoho wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Yanzu gidan. Tsafta dai alhamdulillah, zanin gado wankakke, ruwan zafi ba ya yankewa, intanet ɗin yana da ƙarfi, ga injin wanki wanda da yara ba ƙaramin taimako ya yi ba. Masan banɗakin irin nasu ne mai ɗan famfon tsarki a jiki, ba ki buƙatar buta. Kicin ɗin shi ne abin da na fi so, don abincinsu yana da daɗi amma babu yaji, bayan kwana kaɗan yara suka fara neman na gida, da ma na taho da kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, na sayi garin semolina a kanti na tuƙa tuwo. Sai dai tukwanen ƙanana ne, na mutum biyu, dole na sayi babba guda ɗaya. Mai gidan mutumin kirki ne, ba ya jin Turanci sosai, da fassarar waya muke magana a WhatsApp, amma duk abin da aka tambaya yana amsawa da wuri.

Abin da ban ji daɗinsa ba, na farko babu lif. Ya faɗa min tun kafin mu zo, amma a lissafinsu ƙasa ba ya cikin hawa, wato hawa na biyu bene biyu cur za ki taka, matakalar kuma ƙunci gare ta tana murɗawa, ranar da muka dawo daga Laleli da kaya sai da muka yi sawu sawu. Hajiya sau ɗaya take sauka a rana, in ta hau ta hau kenan. Na biyu, tagar falo tana kallon wajen babban titin Millet, ƙarar tiram da motoci ba ta tsayawa sai dare ya raba, ɗakin baya ne kawai shiru. Na'urar sanyaya ɗaki ma a falo kaɗai take, a lokacin zafi wannan abin dubawa ne. Tiram ɗin kansa safe da yamma cika yake maƙil, ki riƙe jakarki a gaba ki riƙe hannun yaro da kyau.

Wani abu da ya kamata kowa ya tambaya kafin ya tura kuɗi: tun farkon 2024 dokar Turkiyya ta ce duk gidan da ake bayarwa haya na kwana 100 ko ƙasa da haka sai yana da izini daga ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, kuma ana liƙa allon izinin a ƙofar gidan. Namu yana da shi, na nemi lambar ya turo min, kuma ranar da muka iso ya ɗauki bayanan fasfo ɗinmu duka don rajista. Wanda ya fara kame-kame in kin tambaye shi lamba, ko ya ce ki turo kuɗi ta gefe zai rage miki, ki rabu da shi.

Zuwa daga filin jirgi kuma da nisa, sabon filin yana can wajen gari, mu bas ɗin Havaist muka hau zuwa Aksaray sannan muka ɗauki tasi ɗan gajeren zango saboda akwatuna. In tikitinku na filin Sabiha Gokcen ne to wannan a ɓangaren Asiya yake, ku ƙara lokaci sosai ranar komawa saboda cunkoso.

A wajena unguwar ta ci tara cikin goma, gidan kuma bakwai, saboda benen da ƙarar titi. Mai zuwa da tsoho ya nemi hawa na ɗaya ko gini mai lif, a layi na biyu ko na uku daga babban titi, kuma ya ce a turo masa bidiyon matakalar tun daga ƙofar shiga.