Kufena ko Turunku: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Mai Keke Daga Zariya?

Ɗan'uwa, tambayar da ka yi wa 'yan ƙungiyarmu ta masu keke ita ce ka samu keke mai giya, kana da ranar Asabar a hannunka, kuma kana neman hanyar da babu hayaniyar motoci, wadda za ta ratsa da kai cikin duwatsu ta kai ka inda za ka ga tarihi da idonka, to tsakanin Kufena da Turunku ina ya kamata ka nufa. Na je Kufena a kan keke sau da yawa, Turunku kuwa sau biyu, kuma amsata ita ce ka fara da Kufena. Amma da yake kowane ɗaya yana da abin da ya fi ɗan'uwansa da shi, bari in jera maka su ka gani da kanka.

Kafin komai, ya kamata ka san yanayin ƙasar da za ka taka, domin kada ka fita da tsammanin irin hawa da gangarar da ake yi a Jos. Ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsunta kuma tsirowa suke yi ɗaiɗai daga tsakiyar fili, kamar an kife manyan tukwane a gona. Saboda haka hanya ba ta hawa kan dutse, kewaye shi take yi ta gindinsa. Hawan da ƙafarka za ta ji a kan feda shi ne na fitowa daga kwarin rafi zuwa tudu, wanda ba shi da tsanani amma yana da tsawo, kuma yana maimaituwa. Shi dutsen kansa da ƙafa ake hawansa, bayan an jingine keke a ƙasa. Wannan gaskiya ce a Kufena, haka ma a Turunku.

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, a bayan Wusasa, kuma daga ganuwa zuwa gindinsa bai kai kilomita 10 ba. Abin da ya sa nake son wannan hanya shi ne tarihin yana farawa tun kafin ka yi gumi. Idan ka tashi daga Ƙofar Fada bayan sallar asuba, kana barin Masallacin Juma'a a bayanka, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sai ka bi ta cikin unguwanni a lokacin da masu koko da ƙosai suke hura wuta, ka fita ta Ƙofar Kuyambana, inda za ka ga ragowar ganuwa, wani wuri ta yi tsayi, wani wuri ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun cinye ta har ta koma tudu. Wurin da ke bukatar natsuwa a duk tafiyar shi ne inda za ka tsallaka babban titin Kaduna a wajen Ɗan Magaji. A nan nake ba kowa shawara ya sauka ya tura kekensa, domin tirela da tanka ba sa ganin mai keke, kuma 'yan acaɓa suna fitowa ta inda ba ka zata ba. Da zarar ka tsallaka ka shiga Wusasa, ƙarar titi tana raguwa a bayanka, kuma dutsen yana tsaye a gabanka.

Wusasa kanta wurin tsayawa ce, kuma mutane da yawa suna wuce ta da sauri ba tare da sanin abin da ke cikinta ba. Nan ne 'yan mishan na CMS suka koma bayan sun bar cikin birnin da likitansu Dakta Walter Miller ya daɗe yana zaune a ciki, kuma cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 yana nan, ginin ƙasa ne irin na Hausa, da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da kaurin bango kamar na soron wani attajirin birni. Duk mai sha'awar gini zai so ya kwatanta shi da ginin ƙasa na cikin birni, domin hannu iri ɗaya ne da fasaha iri ɗaya. A garin ne asibitin St. Luke yake, a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, kuma daga nan Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, ya fito. Ka nemi izini kafin ka shiga harabar cocin ko ka ɗauki hoto, kamar yadda za ka so baƙo ya yi a naka wurin ibada.

Bayan Wusasa kwalta tana ƙarewa, burji ya karɓa, daga nan kuma sai 'yan hanyoyin gona masu faɗin taya biyu. Wannan yanki shi ne shirun da kake nema. Ba za ka ji komai ba sai ƙarar kacar kekenka da tsakuwa a ƙarƙashin taya, da kukan kurciya, wani lokaci kuma sallamar manomi da ke tafiya da fartanya a kafaɗa. Na taɓa tsayawa a gindin wata ɗorawa a watan Oktoba, dawa ta fi ni tsayi ta kowane gefe, raɓa ba ta gama bushewa a ganye ba, ga dutsen ya yi baƙi saboda ruwan da ya sha, da ɗigon kore a duk inda ƙasa ta samu wurin maƙalewa a jikinsa. Idan ka hau sama, ka riƙa duba ƙasa yayin da kake tafiya, za ka ga tsingaron tukwane a tsakanin duwatsu, da ramuka masu santsi a jikin fa inda aka yi shekaru ana niƙa. A kewayen dutsen kuma akwai alamun tsohuwar ganuwa, wadda ta nuna cewa gari ne sosai ya zauna a nan kafin birnin da muke ciki ya cika. Daga ƙololuwa kana ganin Zariya a shimfiɗe, da rimayenta da hasumiyoyin masallatai, kuma a nan ne mutum yake gane dalilin da ya sa magabata suka zaɓi gindin dutse: wanda ke sama yana hango ƙurar mahara tun suna nesa.

Turunku wani al'amari ne daban. Yana kudu da Zariya, fiye da kilomita 30, a cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, kuma shi ne hedikwatarta. Ta fuskar tarihi ya riga Kufena a jerin wuraren da sarautar Zazzau ta zauna, domin kamar yadda labarin ya zo, daga Turunku aka taso zuwa Kufena, daga nan aka kafa birnin Zariya. Sunan garin yana haɗe da na Bakwa Turunku, wanda jerin sarakunan Zazzau ya sa hawansa a wajen 1536, kuma kowane yaro a ƙasar nan ya san kirarin Amina 'yar Bakwa ta san rana, kamar yadda ya san cewa sunan ƙanwarta Zariya birnin ya ci. A tsohon garin akwai ragowar ganuwa da duwatsu, kuma dattawan wurin suna nuna wa baƙo wuraren da suke dangantawa da Bakwa da Amina. Idan zurfin tarihi kaɗai ake aunawa, Turunku ya fi nauyi, kuma ba na jin wani Bazazzagi zai tsaya a can zuciyarsa ba ta motsa ba.

Matsalar ita ce hanyar. Ka ce kana son shiru, to babban ɓangare na tafiyar Turunku a kan titin Kaduna yake, wanda shi ne titin da ke ɗauke da kayan Kano da na Abuja dare da rana. Gaskiya ne za ka hango duwatsun Dumbi a hanya, kuma suna da kyan gani da safe, amma ba za ka samu damar kallonsu yadda kake so ba, domin hankalinka yana kan gefen kwalta da kan motar da ke tahowa ta baya. Iskar da tirela take bugo wa mai keke idan ta wuce shi tana iya karkatar da shi, musamman idan akwai rairayi a gefen titi. Sai ka bar babban titin ka yi gabas sannan hanyar take zama irin wadda ka kwatanta, da gonaki da ƙauyuka da gangara zuwa rafi da hawa daga cikinsa. Wannan ɓangare yana da daɗi ƙwarai, har ya fi na Kufena tsawo da buɗewa, amma kafin ka kai gare shi ka riga ka kashe rabin ƙarfinka, kuma komawa tana jiranka da rana tsaka. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 60, wanda ga mai sabon keke da ƙafarsa ba ta saba ba aiki ne na yini guda cur.

A zuwana na biyu ƙaya ta huda mini tayar baya a tsakanin ƙauyuka biyu, inda babu mai faci ko ɗaya. Da yake ina ɗauke da sholisho da faci da ƙaramin famfo, na zauna a inuwar kuka na gyara, wani dattijo mai kiwon awaki ya riƙe mini keken har na gama, ya kuma nuna mini inda hanya ta rabu. A Kufena irin wannan ba ta tayar da hankali, domin ko ba ka da komai za ka iya tura keken zuwa Wusasa ka samu mai faci. A hanyar Turunku kuwa dole ka fita da kayan gyara, da tif na sauyi, da ruwan sha fiye da yadda kake jin za ka bukata. Tayar keken ma tana da muhimmanci: siririyar taya ta tsere tana gudu a kwalta, amma tana nutsewa a rairayi tana kuma wahala a gargada, don haka mai ɗan kauri ta fi dacewa da hanyoyin biyu.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba zan ɓoye maka ba. Ƙauyukan da ke wajen Zariya sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma yanayin yana sauyawa daga wata zuwa wata. Ko Kufena da ke kusa, kada ka je kai kaɗai, kada ka zarce can bayan dutsen, kuma ka tambayi mutanen Wusasa halin da ake ciki kafin ka wuce. Turunku yana bukatar fiye da haka: ku zama aƙalla mutum huɗu ko biyar, ku samu wanda ya san garin ya sanar da zuwanku, ku fara gaida mai gari kafin ku nufi kufai, kuma ku kama hanyar gida kafin la'asar.

Game da lokaci, ƙarshen damina zuwa farkon kaka, wato Oktoba da Nuwamba, shi ne mafi kyau ga duka biyun, domin burji ya bushe, ganye bai ƙone ba, sararin sama kuma a buɗe yake. A Agusta hanyoyin gona suna yin taɓo kuma fa yana santsi, wanda ke sa hawan Kufena ya zama haɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rufe abin da ka hau dutse domin ka gani, kuma iskar tana busowa daga arewa maso gabas, ma'ana za ta tura ka zuwa Turunku cikin sauƙi, sannan ta tare ka a gaba lokacin dawowa, lokacin da ka gaji. Maris da Afrilu kuwa, idan ba za ka dawo kafin ƙarfe 10 na safe ba, gara ka haƙura.

Saboda haka wannan Asabar ɗin ka yi Kufena tare da mutum biyu ko uku daga cikinmu, ku tashi bayan asuba, ku tsaya a Wusasa, ku hau dutsen kafin rana ta yi zafi, za ku dawo gida kafin azahar. Idan ka yi haka sau uku ko huɗu ƙafarka ta saba, sai mu shirya Turunku a ƙungiyance, mu ɗora kekunan a bayan mota har zuwa inda ake barin titin Kaduna, mu sauke su a nan, mu taka ragowar hanyar zuwa tsohon garin.