Takin bashi na wani magazan a Ngong, ra'ayina

Masu tambayata kan magazan (shago) ɗin nan da ke ba manoman masara taki bashi a Ngong, arewacin Kamaru, a biya da buhun masara in kaka ta yi, to ga abin da na gani da idona.

Ta fannin kaya gaskiya ba su da laifi. NPK da uriya nasu mai kyau ne ba gauraye, suna kawowa kafin shuka ba sai masara ta yi rawaya ba, har maganin ciyawa suna haɗa maka, kuma kamiyo (babbar mota) nasu na shigowa har ƙauye ya ɗauki kaya. Tun da taki ya yi tsada a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukren, wa ke da kuɗin buhu a hannu a watan Yuni? Shi ya sa muka shiga.

Matsalar tana cikin kontira ɗin, wato takardar yarjejeniya. An rubuta bashin da ke kanka har sefa ɗaya, amma ba a rubuta nawa za su sayi buhun masara ba, wai sai farashin kasuwa ranar awo. To ranar awo kuma su ke zaɓa, daidai lokacin da masara ta cika kasuwa kowa na neman kuɗin makarantar yara, kuma ba ka da ikon kai wa wani sai ka gama biyansu, su kuwa su zuba a sito su jira watan Yuli da Agusta ta yi tsada su loda zuwa Garwa da Marwa. Wallahi wannan abin yana ci min rai, kai ka yi noma ka yi maimai, ribar ta kwana a siton wani.

Ko auduga da kowa ke cewa mai saye ɗaya ne, kamfanin Sodecoton tun 1974, ai ana sanar da kuɗin kilo kafin shuka, kuma akwai ƙungiyar manoma CNPC-C da ke zama a yi magana da yawunsu. Nan kai kaɗai ne gaban mai sikeli.

Ni dai zan ba su maki biyu cikin biyar. In dole sai ka karɓa, ku je da GIC ɗinku (ƙungiyarku ta manoma) a ƙungiyance, ku ce sai an rubuta farashi mafi ƙaranci da ranar awo, kuma kar ka ɗauki takin da ya wuce rabin gonarka.