dnsmasq ko Unbound: wanne ya dace da ƙaramar sabar ofis?

Ɗan'uwa, ka ce kana da ƙaramar sabar Linux mai kula da kwamfutoci kamar ashirin da firinta, kana so ta riƙa karɓar tambayoyin DNS (tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin na'ura) tana miƙa su waje ba tare da yawan yankewa ba, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin dnsmasq da Unbound. To, aikinsu ba ɗaya ba ne, kodayake a ido sun yi kama.

Shi dnsmasq, wanda Simon Kelley ya rubuta, ɗan aike ne zalla. Ba ya bin diddigin suna da kansa. Yana karɓar tambaya, ya kai wa wanda ka nuna masa, ya dawo da amsa ya ajiye. Layi uku a fayil ɗin saitinsa sun isa: `no-resolv`, sai `server=1.1.1.1` da `server=9.9.9.9`. Armashinsa shi ne yana yin DHCP, wato raba wa kwamfutoci adireshi, don haka duk kwamfutar da ta karɓi adireshi, sunanta ya shiga DNS kai tsaye. Ka rubuta sunan firinta, ta amsa. Yana kuma karanta `/etc/hosts`. Sai dai ma'ajiyarsa ta asali sunaye 150 kacal take ɗauka, wanda mutum ɗaya ma zai iya cika ta kafin azahar, saboda haka ka ɗaga `cache-size` zuwa 1000 ko fiye. Kuma ba ya ɓoye tambayoyin da yake aikawa, a fili suke tafiya ta ƙofa (port) 53, ƙofar da DNS ke amfani da ita.

Unbound kuwa, na NLnet Labs da ke Holan, yana iya neman amsa da kansa tun daga tushen DNS, ko kuma ka sa shi miƙawa ta `forward-zone` mai suna `"."`. A nan ya yi wa dnsmasq fintinkau: da `forward-tls-upstream: yes` da adireshi irin `9.9.9.9@853#dns.quad9.net`, tambayoyinka na tafiya a rufe. Ga kuma `prefetch`, mai sabunta sunayen da ake yawan tambaya kafin wa'adinsu ya ƙare, da `serve-expired`, mai ba da tsohuwar amsa idan na waje ya yi shiru. Wannan na ƙarshe shi ne abin da na fi so a gare shi, domin ranar da layin intanet ke tangal-tangal, tsohuwar amsa ta fi babu. dnsmasq ma ya sami makamancinsa, `use-stale-cache`, daga siga ta 2.88. Amma Unbound bai san DHCP ba, sunayen cikin gida sai ka shigar da hannu ta `local-data`. Kuma da farko ba ya kula kowa sai sabar kanta. In ba ka sa `interface` da `access-control` ba, sauran kwamfutoci ba za su sami amsa ba.

Da ni ne, da kwamfuta ashirin da firinta, dnsmasq zan fara da shi. In ɓoye tambayoyi ya dame ka, haɗa su: dnsmasq a gaba a ƙofa 53, Unbound a bayansa a 5335, sai ka rubuta `server=127.0.0.1#5335` a saitin dnsmasq maimakon sabobin waje.

Yawancin yankewar da ake ɗora wa manhaja ma ba laifinta ba ne. A Ubuntu, systemd-resolved, manhajar DNS da ke zuwa da tsarin, ya riga ya zauna a 127.0.0.53 ƙofa 53, sai dnsmasq ya ƙi tashi yana cewa wani na amfani da adireshin; maganinsa `listen-address` da `bind-interfaces` a saitin dnsmasq, ko `DNSStubListener=no` a na systemd-resolved. DNS na bin hanyoyin aika saƙo biyu, UDP da TCP; wasu kuma su buɗe UDP a katangar tsaro (firewall) su manta da TCP, sai manyan amsoshi su maƙale. Wanda ya fi ban haushi: a raba wa kwamfutoci adireshin sabar, a ƙara 8.8.8.8 na Google a matsayin na biyu wai don ko-ta-kwana. Kwamfuta na iya komawa kan na biyun ta zauna, shi kuwa Google bai san firintarka ba, sai yau ta bugu gobe ta ɓace. In kana son madadi, kafa sabar DNS ta biyu a cikin gida mai saiti iri ɗaya.

Idan ka gama, daga wata kwamfutar buga umarnin gwajin DNS `dig @adireshin-sabar` da wani suna sau biyu. A karo na biyu lokacin amsa ya kamata ya faɗo kusa da sifili. Sannan ka zare wayar da ke kawo intanet daga waje ka sake tambayar sunan firinta; ya kamata amsa ta zo duk da haka.